Sarkin Kano Babba Zaki, wanda ya fara tsare fada da 'yan bindiga

A yau, manomin shinkafa a Kura ko Bunkure da ya ji an ce 'yan bindiga, gabansa ne ke faɗuwa. A da kuwa, sunan dakarun sarki ne, masu cika bindigar toka da albarushi su tsaya a ƙofar fada. Wanda ya kafa wannan al'ada a Kano shi ne Sarki Babba Zaki ɗan Yaji, na gidan Kutumbawa.

Shi ne sarki na 40 a jerin sarakunan da littafin Tarihin Kano ya kawo. Ya gaji mahaifinsa a 1768, ya yi shekara takwas a kan gado, ya rasu a 1776. An san shi da ƙarfi da fasahar magana da riƙon abu a ka, kuma ya kwaikwayi Larabawan birni a yawancin al'amuransa.

Ba shi ya kawo bindiga Kano ba, domin tun zamanin Sarki Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, ake shigo da ita daga ƙasar Nufe. Abin da ya ƙara shi ne ware runduna mai riƙe da ita a jikin sarki. Da ƙarfin da ya tara ya danne hakimai da manyan bayi, yana karɓe dukiyarsu, yana tilasta musu fita yaƙi.

Ya yaƙi Birnin Auyo, ya gina gida a Takai, amma fadawa suka ƙi zama can. Ya kuma ci Burumburum, garin da ke ƙasar Tudun Wada, kudu da filayen noman rani na Kadawa.

Sai dai bindiga ba ta tsare gidansu ba. Shekara 31 bayan rasuwarsa, masu jihadi suka cim wa ɗan'uwansa, Sarki Muhammadu Alwali, a wannan gari na Burumburum, suka kashe shi a 1807. Nan mulkin Kutumbawa ya ƙare.

Daular ta tafi, al'adar ta saura. Har gobe, a hawan Sallah, ƙarar tsofaffin bindigogi da hayaƙinsu ne ke shaida wa jama'a cewa Sarki ya fito. Allah ya jiƙan magabata.