Tarihin Admiral Bruce Fraser, jagoran rundunar ruwan Birtaniya a tekun Fasifik

Admiral Bruce Fraser shi ne hafsan da ya sanya hannu a madadin Birtaniya kan takardar miƙa wuyan Japan, ranar 2 ga watan Satumban 1945, a cikin jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Missouri.

Sai dai masana tarihin soja na kuma tunawa da shi kan wani aiki na dabam: yadda ya haɗa jiragen ruwan Birtaniya masu ɗaukar jiragen sama da na Amurka suka yi yaƙi a matsayin runduna guda, duk da cewa ƙirarsu da tsarin aikinsu sun sha bamban.

Tasowarsa

An haifi Bruce Austin Fraser ranar 5 ga watan Fabrairun 1888 a unguwar Acton da ke birnin Landan. Mahaifinsa, Alexander Fraser, janar ne a rundunar sojin ƙasa.

Ya shiga aikin sojan ruwa a 1902 yana ɗan shekara 14, kuma ya ƙware a fannin harba igwa. A yaƙin duniya na ɗaya ya yi aiki a mashigin Dardanelles da ke Turkiyya.

A 1920 dakarun juyin juya halin Rasha suka kama shi tare da wasu sojojin ruwan Birtaniya a birnin Baku, inda ya shafe watanni a kurkuku kafin a sake su.

A 1936 ne aka naɗa shi kwamandan Glorious, ɗaya daga cikin jiragen ruwan Birtaniya masu ɗaukar jiragen sama. A nan ne mutumin da ya taso cikin manyan bindigogi ya ga da idonsa cewa jirgin sama zai iya kai hari inda harsashin igwa ba zai taɓa kaiwa ba.

Ƙira iri biyu

A watan Maris na 1939, watanni shida kafin ɓarkewar yaƙin duniya na biyu, aka ba Fraser muƙamin jami'in da ke kula da ƙera jiragen ruwa da makamai na rundunar baki ɗaya. Ya riƙe muƙamin har zuwa 1942.

Ya tarar da aikin da magabacinsa, Admiral Reginald Henderson, ya faro na ƙera wasu sababbin jirage masu sulke. A zamanin Fraser aka kammala huɗu daga cikinsu, wato Illustrious da Formidable a 1940, sai Victorious da Indomitable a 1941.

Turawan Ingila sun yi la'akari ne da cewa jiragensu za su yi yaƙi a ƙananan tekuna kamar Bahar Rum, kusa da sansanonin jiragen saman abokan gaba. Don haka suka shimfiɗa farantin ƙarfe mai kaurin inci uku a dandalin da jirage ke tashi da sauka.

Nauyin wannan sulke ya tilasta musu rage girman rumfar ajiye jirage da ke ƙarƙashin dandalin. An tsara Illustrious ne domin ɗaukar jiragen sama 36 kacal.

Amurkawa kuwa tekun Fasifik mai faɗi suke hange. Sai suka yi dandalinsu da katako a kan siririn ƙarfe, suka sauko da sulken ƙasa. Hakan ya ba jiragensu samfurin Essex damar ɗaukar jiragen sama kimanin 90 kowannensu.

An fara gwada ƙirar Birtaniya a watan Janairun 1941, lokacin da jiragen Jamus suka yi wa Illustrious ruwan bama-bamai a kusa da tsibirin Malta. Jirgin bai nutse ba, amma sai da aka kai shi Norfolk da ke jihar Virginia ta Amurka aka yi masa gyara.

A ƙarshen zamanin Fraser a wannan ofis ne kuma aka amince da wani sabon tsari, na ƙera matsakaitan jirage masu ɗaukar jiragen sama bisa ƙa'idojin jiragen kasuwanci, ta yadda masana'antun farar hula za su iya ƙera su cikin sauri. Bayan yaƙi ƙasashe irin su Faransa da Ostireliya da Kanada da Indiya da Brazil sun yi amfani da waɗannan jirage, kuma na Brazil ya ci gaba da aiki har zuwa 2001.

Hanyar da ta ratsa Kano

Ko da yake Arewacin Najeriya na da nisa da teku, yankin ya shaidi aikin irin waɗannan jirage tun a farkon yaƙin.

Bayan da Italiya ta shiga yaƙin a watan Yunin 1940, ratsa Bahar Rum ya zama mai haɗari ga Birtaniya. Sai ta buɗe wata hanya ta sama da ta tashi daga Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, ta bi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena a yau, zuwa Khartum da Alƙahira.

Jiragen ruwan Argus da Furious na daga cikin waɗanda suka yi dakon jiragen yaƙi samfurin Hurricane zuwa Takoradi a 1940 da 1941. Jiragen sama fiye da dubu biyar ne suka bi wannan hanya a tsawon yaƙin, kuma filin jirgin saman Kano na cikin manyan zangunanta.

A watan Mayun 1942 jirgin Amurka mai suna Ranger ya tsaya a teku daura da birnin Akara, jiragen yaƙi 68 samfurin P-40 suka tashi daga kansa. A watan Yuli ya sake kawo wasu 72.

Shekara guda bayan haka, wannan jirgi na Ranger ya koma ƙarƙashin umarnin Fraser.

Tekun Norway

A watan Mayun 1943 aka naɗa Fraser babban kwamandan rundunar da ke tsaron ruwan Birtaniya. Babban aikinsa shi ne kare ayarin jiragen da ke kai wa Tarayyar Soviet makamai ta tekun arewacin Norway.

A lokacin ƙawayen biyu na aron jirage a tsakaninsu. Birtaniya ta ba Amurka aron Victorious, wanda ya yi aiki da jirgin Saratoga a kudancin Fasifik, har suka yi musayar matuƙa da jiragen sama. Ita kuma Amurka ta turo Ranger.

Ranar 4 ga watan Oktoban 1943, Fraser ya jagoranci rundunar haɗin gwiwa zuwa gaɓar Norway, inda jiragen saman Ranger suka far wa jiragen ruwan da ke yi wa Jamus jigila a kusa da garin Bodo.

A wannan shekara ne Firayim Minista Winston Churchill ya yi masa tayin muƙamin babban hafsan sojin ruwa, amma ya ƙi karɓa, ya nuna cewa Admiral Andrew Cunningham ya fi shi cancanta.

Ranar 26 ga watan Disamba, Fraser yana cikin jirgin Duke of York, rundunarsa ta nutsar da katafaren jirgin yaƙin Jamus mai suna Scharnhorst. Mutane 36 ne kawai suka tsira daga cikin kusan 2,000 da ke cikinsa. Tarayyar Soviet ta ba shi lambar yabo ta Suvorov.

Ƙanin tafiya a Fasifik

A watan Agustan 1944 aka tura Fraser Gabas, ya jagoranci rundunar da ke tsibirin Silon, wato Sri Lanka a yanzu. A daidai lokacin ne dubban sojojin Najeriya ke cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a fagen yaƙin Bama.

A taron da aka yi a birnin Quebec na Kanada a watan Satumba, Churchill ya miƙa tayin tura runduna tekun Fasifik, shugaba Franklin Roosevelt kuma ya amince. To amma babban hafsan sojin ruwan Amurka, Admiral Ernest King, bai yi na'am da batun ba. Sharaɗin da aka gindaya shi ne rundunar Birtaniya ta ɗauki nauyin kanta.

A watan Nuwamba aka naɗa Fraser kwamandan wannan sabuwar runduna, a watan Disamba kuma ya je Pearl Harbor ya gana da Admiral Chester Nimitz.

Fraser dai ya fahimci cewa zamanin da Birtaniya ke kan gaba a teku ya wuce. Don haka ya amince jiragensa su ajiye nasu tsarin sadarwa su ɗauki na Amurka, matakin da bai yi wa wasu manya a Landan daɗi ba. Aka kuma tura jami'an sadarwa na Amurka cikin jiragen Birtaniya.

Ya kafa hedikwatarsa a birnin Sydney na Ostireliya, ya bar jagorancin runduna a teku a hannun mataimakinsa, Bernard Rawlings, wanda ke karɓar umarni daga kwamandojin Amurka. Philip Vian ne ya jagoranci jiragen masu ɗaukar jiragen sama.

Saura kaɗan ya rasa ransa ranar 6 ga watan Janairun 1945. Yana cikin jirgin Amurka mai suna New Mexico a matsayin ɗan kallo a tsibiran Filifin, sai wani matuƙin Japan ya kai harin ƙunar baƙin wake a kan jirgin. Sakataren Fraser da Laftanar Janar Herbert Lumsden na cikin waɗanda suka mutu.

Bambance-bambancen da suka dame shi yawancinsu ƙanana ne a ido. Jiragen Corsair da Amurka ta ba Birtaniya sai da aka datse inci takwas daga bakin kowane fiffike, kafin su shiga gajerun rumfunan jiragen Ingila. Tambarin jiragen saman Birtaniya ma sai da aka cire masa jan launi, don gudun kada a ɗauke shi tambarin Japan.

Babbar matsalar ita ce mai. Amurkawa sun ƙware wajen shan mai a tsakiyar teku, jirgi na tafiya kafaɗa da kafaɗa da jirgin dakon mai. Turawan Ingila kuwa sun saba da jan mesa daga bayan jirgin dakon, hanyar da ke cin lokaci, mesar kuma tana yawan fashewa. Ga ƙarancin jiragen dakon kaya, ga nisan dubban kilomita tsakanin Sydney da fagen daga.

Gwajin Okinawa

Daga ranar 26 ga watan Maris zuwa ƙarshen watan Mayun 1945, an ɗora wa rundunar Fraser alhakin lalata filayen jiragen saman Japan a tsibiran Sakishima, domin kare Amurkawan da ke ƙoƙarin kama tsibirin Okinawa.

A nan ne aka auna ƙirar nan iri biyu a fage guda.

Ranar 1 ga watan Afrilu wani ɗan ƙunar baƙin wake ya faɗa kan Indefatigable ya hallaka mutane 14, amma cikin kimanin sa'a guda jirage suka ci gaba da sauka a kansa.

Ranar 4 ga watan Mayu aka kai wa Formidable irin wannan hari. Ma'aikatansa suka cike ramin da siminti da farantin ƙarfe, kafin faɗuwar rana ya koma aiki. Bayan kwana biyar aka sake kai masa hari tare da Victorious, dukkansu kuma suka ci gaba da kasancewa a fagen daga.

Ranar 11 ga watan Mayu kuwa, jiragen Japan biyu suka faɗa kan jirgin Amurka mai suna Bunker Hill. Mutane kusan 400 ne suka mutu, kuma jirgin bai sake komawa fagen yaƙi ba.

Duk da haka masana ba su yanke hukunci cewa ƙirar Birtaniya ta fi ba. Yawan jiragen saman da Amurkawa ke ɗauka ya ba su damar kai hare-hare masu ƙarfi, da kakkaɓo maharan tun kafin su iso. Sannan dukan da sulke ya shanye ya bar illa a jikin wasu jiragen Ingila, irin su Formidable wanda aka jingine jim kaɗan bayan yaƙi.

Kowane ɓangare ya ɗauki darasi daga ɗaya. Jiragen Amurka samfurin Midway da suka fara aiki a 1945 suna da dandali mai sulke, ita kuma Birtaniya ta rungumi tsarin Amurka na shan mai da jera jiragen sama a kan dandali.

A watan Yuli jiragen Fraser suka haɗu da rundunar Admiral William Halsey wajen kai hare-hare a kan ƙasar Japan kanta.

Bayan yaƙi

A 1946 aka ba shi sarautar Baron Fraser na North Cape, sunan yankin da aka nutsar da Scharnhorst. A 1948 ya karɓi muƙamin babban hafsan sojin ruwa, wanda ya ƙi karɓa shekaru biyar kafin nan.

Da yaƙin Koriya ya ɓarke, jirgin Birtaniya mai suna Triumph da na Amurka mai suna Valley Forge sun kai hari tare ranar 3 ga watan Yulin 1950, kwana takwas da fara yaƙin. Triumph na daga cikin matsakaitan jiragen nan da aka tsara a 1942.

A zamaninsa ne injiniyoyin Birtaniya suka fara gwajin majaujawa mai aiki da tururi da ke cilla jiragen sama, aka kuma fito da dabarar karkata layin sauka a kan dandali. Amurka ta karɓi dabarun biyu.

Bayan kafa ƙungiyar tsaro ta NATO a 1949, Fraser ya goyi bayan a ba Ba'amurke muƙamin babban kwamandan ƙawance a tekun Atlantika. Churchill, wanda ke jagorantar 'yan adawa a farkon 1951, ya yi kakkausar suka kan hakan a majalisar dokoki, amma a 1952 Admiral Lynde McCormick na Amurka ya kama aikin.

Fraser ya yi ritaya a watan Disamban 1951. Bai taɓa yin aure ba, kuma ya mutu a Landan ranar 12 ga watan Fabrairun 1981 yana da shekaru 93.

Shekaru arba'in bayan mutuwarsa, a 2021, sabon jirgin Birtaniya mai suna Queen Elizabeth ya tafi tekun Fasifik ɗauke da jiragen yaƙi samfurin F-35 na Birtaniya da na sojojin kundumbalar Amurka, suna tashi da sauka a dandali guda.