Horace Tabor: mai kantin da azurfa ta mayar miloniya, ta raba shi da uwargidansa

An haifi Horace Tabor a shekarar 1830 a jahar Vermont ta ƙasar Amurka. Sana'ar sassaƙa dutse ya koya, kuma a 1857 ya auri Augusta Pierce, ɗiyar mutumin da yake yi wa aiki. A 1859 suka bi ayarin masu neman zinariya zuwa tsaunukan Colorado.

Kusan shekaru 20 suna fafutuka ba su haƙo wani abin kirki ba. A gaskiya Augusta ce ta riƙe gidan: tana dafa wa mahaƙa abinci, tana yi musu wanki, tana kula da ɗan kantinsu, tana tattalin kowane kwabo.

A 1878, a garin Leadville, wasu mahaƙa biyu, August Rische da George Hook, suka karɓi kayan abinci da na aiki a kantin, bisa sharaɗin Tabor zai samu kashi ɗaya cikin uku na duk abin da suka tono. Ba a jima ba suka faɗa kan azurfa mai yawa a ramin Little Pittsburg. Shekara ta gaba Tabor ya sayar da kasonsa a kan dala miliyon ɗaya, ya sayi wani ramin mai suna Matchless, wanda shi ma ya yi ta zubo kuɗi.

Daga nan gida ya fara tsagewa. Tabor ya gina manyan gidajen wasan kwaikwayo a Leadville da Denver, ya zama mataimakin gwamnan Colorado, yana kashe kuɗi ba lissafi. Augusta kuwa ba ta canza ba, tana nan da tsimi da tsawatarwa, halin da ya rufa musu asiri a zamanin babu, amma yanzu ya zame wa mijin abin ƙosawa. Ya haɗu da wata bazawara, Elizabeth McCourt, wadda aka fi sani da Baby Doe, da ya girme ta da fiye da shekaru 20. Aurensa da Augusta ya mutu a 1883, duk da ba ta so ba.

A ranar 1 ga Maris na wannan shekara, lokacin yana riƙe da kujerar sanata ta wata ɗaya kacal, aka yi bikinsa da Baby Doe a Washington. Shugaban ƙasa Chester Arthur ya halarta, amma matan manyan Denver sun ƙaurace wa amaryar, suna kallonta a matsayin wadda kuɗi suka kawo.

A 1893 gwamnatin Amurka ta soke dokar da ta tilasta mata sayen azurfa, farashi ya faɗi warwas. Tabor, da bashi ya riga ya yi wa katutu, ya rasa kusan komai. Augusta ta rasu a 1895 da dukiyarta, domin ta juya abin da ta samu wajen rabuwa. Shi kuwa sai da aka nema masa aikin shugaban gidan waya na Denver a 1898, ya rasu a watan Afrilun 1899.

Baby Doe, da aka ce kuɗi ta biyo, ba ta guje shi ba da suka ƙare, ba ta kuma sake aure ba. Ta koma wata bukkar katako a bakin ramin Matchless, inda aka tsinci gawarta a daskare cikin sanyin watan Maris na 1935.