Rudolf Dizal, Mutumin da Ya Ƙago Injin Manyan Motoci

Wanda ya tsaya a bakin hanya kusa da 'Yandoto zai ga manyan motoci suna fitowa daga Funtuwa, su ratsa Tsafe, su nufi Gusau da Bunguɗu har Sakkwato. Man da su ke sha mu kan ce da shi gas, waɗansu kuwa su ce dizal. Ashe Dizal sunan mutum ne, labarinsa kuwa mu ke so mu ba ku a wannan wata, musamman samarinmu masu koyon kanikanci.

An haifi Rudolf Dizal a birnin Faris a shekara ta 1858. Iyayensa Jamusawa ne da su ke zaman baƙunci a Faransa, ubansa kuwa baduku ne, ba mai wadata ba. A shekara ta 1870 yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamusawa, aka kori baƙi, sai iyalin su ka gudu Landan. Daga can aka aika da yaron, yana da shekara 12, wurin dangi a garin Augsburg domin ya yi karatu. Tun yana da shekara 14 ya rubuta wa iyayensa cewa shi injiniya ya ke so ya zama. Saboda ƙoƙarinsa aka biya masa kuɗin babbar makarantar fasaha ta Munik.

A shekara ta 1879, jarrabawar ƙarshe ta matso, sai zazzaɓin taifot ya kwantar da shi. Abokansa su ka gama, su ka bar shi. Da ya warke bai zauna jiran jarrabawa hannu banza ba, ya tafi masana'antar Sulzer a ƙasar Suwizalan, ya shiga cikin maƙera da kanikawa, yana koyon aikin ƙarfe da hannunsa. A ganinmu watannin nan sun amfane shi ƙwarai, gama mai zana inji a takarda, in bai taɓa riƙe sifana ba, kan zana abin da ba ya ƙeruwa. A farkon 1880 ya ci jarrabawar da babban yabo.

Ya fara aiki a masana'antar ƙanƙara ta malaminsa Linde, amma hankalinsa na wani wuri. Injin tururi na zamanin nan mai ɓarna ne: cikin kashi 10 na ƙarfin gawayi, wajen kashi 1 kaɗai ke zama aiki, sauran ya tafi a hayaƙi da zafi. Dabarar Dizal ita ce wannan. Kun san yadda famfon keke kan yi zafi in ana bugawa. To, in aka matse iska ƙwarai a cikin silinda, ta kan yi zafi har in an fesa mata mai ya kama da kansa, ba sai da fulogi ba. Shi ya sa injin gas ya ke da nauyi da kauri, domin ya jure matsin.

Faɗar abin da sauƙi, yinsa da wuya. Wani inji da ya gwada tun da fari ya fashe, ya yi watanni yana jiyya, idanunsa kuma ba su koma daidai ba. A 1893 masana'antar injuna ta Augsburg da kamfanin Krupp su ka yarda su taimake shi. Shekara huɗu shi da kanikawansa suna kwancewa suna ɗaurawa, sai a 1897 injin ya yi aiki sosai, ya ba da kashi 26 cikin 100. A 1900, wurin babban nuni a Faris, aka tafiyar da irin injin nan da man gyaɗa, irin wadda manomanmu na Gusau su ka sani sarai.

Suna da dukiya su ka zo masa, amma lafiya ta ƙi, dukiyar kuma ta zube wajen cinikin da bai iya ba. Ran 29 ga Satumba 1913 ya shiga jirgin ruwa daga Beljiyam za shi Ingila. Ya ci abincin dare da abokan tafiya, ya tafi ɗakinsa. Da safe aka tarar ba wanda ya kwanta a gadon. Bayan kwana 10 waɗansu masu jirgi su ka ga gawa a teku, su ka ɗebo kayan aljihunta, ɗansa ya shaida na ubansa ne. Shekarunsa 55.

Ya ga injinsa a masana'antu da jiragen ruwa, amma bai gan shi a mota ba, gama ya yi nauyi da yawa. Sai wajen 1924 kamfanonin Benz da MAN su ka fito da lorin farko masu shan gas. A 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon da ke auna mai ya tura shi cikin nozul, wanda kanikawan Gusau ba su kan yarda yaro ya kwance shi ba sai ya daɗe a gareji.