Muhammadu al-Katsinawi: Bakatsinen da ya yi fice a lissafin hatimi

Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi malami ne na ƙarni na 18 da ya shahara a lissafi da ilimin taurari. A ƙasar Katsina aka haife shi. Cikin malamansa akwai Muhammadu Alwali na Bagarmi.

Ya tafi aikin Hajji wajen shekarar 1730. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake gina hatimi, wato allon gidaje da ake cikawa da lambobi, jimillar kowane layi ta zo daidai a tsaye da kwance da karkace.

Aikin ba wasa ba ne. A hatimi mai gida tara, akwai hanyoyi 362,880 na jera lambobi 1 zuwa 9, amma takwas kacal ke ba da 15 a kowane layi. Maimakon lalube, al-Katsinawi ya shimfiɗa ƙa'idojin cika hatimin da gidajen gefensa mara ne, kamar uku ko biyar ko bakwai. Cikinsu har da sanya lambobi ta bin tsallen doki irin na wasan shaɗaranji.

Daga baya ya zauna a Alƙahira, a gidan malami Hasan al-Jabarti, mahaifin masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti. A can ya rasu a 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa.