Dixie Dean: Matashin Da Ya Tashi Daga Gadon Asibiti Ya Ci Ƙwallo 60 A Kaka Ɗaya

Lokacin da Erling Haaland ya ci ƙwallo 36 a kakar 2022/2023, Facebook da TikTok sun ɗauki zafi, kowa na cewa ba a taɓa ganin irinsa ba a Ingila. To, a gasar Firimiya kam haka ne, amma ita Firimiyar a 1992 aka raɗa mata wannan suna. Babbar gasar Ingila kuwa tun 1888 ake buga ta, kuma wanda ya fi kowa cin ƙwallo a kaka ɗaya a tarihinta ya zura 60 ne cif, a wasa 39, yana ɗan shekara 21. Sunansa William Ralph Dean, wanda duniya ta sani da Dixie Dean, ɗan wasan gaban Everton, ƙungiyar da su Daniel Amokachi da Yakubu Aiyegbeni suka yi wa wasa daga baya.

An haifi Dean ranar 22 ga Janairun 1907 a Birkenhead, wani gari da ke tsallaken kogin Mersey, yana kallon birnin Liverpool. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne kuma masoyin Everton, shi ya fara kai shi kallon wasa a filin Goodison Park yana ƙarami. Yaron ya bar makaranta yana shekara 14, ya shiga koyon gyaran injin jirgin ƙasa. Aikin dare yake karɓa da gangan, don ya samu damar buga ƙwallo da rana. Yana shekara 16 Tranmere Rovers, ƙungiyar garinsu da ke ƙaramin rukuni, ta ɗauke shi, ya ci mata ƙwallo 27 a wasa 30. A watan Maris na 1925 Everton ta saye shi a kan fam 3,000. Sunan Dixie da ya bi shi har kabari ma ba son sa yake yi ba, ya fi son a kira shi Bill.

A kakarsa ta farko cikakkiya a Everton ya ci ƙwallo 32 a gasar, gari ya ɗauka an samu sabon gwarzo. Sai ƙaddara ta gifta. A watan Yunin 1926 ya yi mummunan haɗari da babur a kusa da garin Holywell da ke arewacin Wales. Ƙoƙon kansa ya fashe, muƙamuƙinsa ya karye, ya daɗe a sume. A lokacin, tsoron da ake yi shi ne ko zai rayu, batun ƙwallo kuwa likitoci ba su sa ran zai sake buga ta ba. Ku tuna fa, wannan mutum ne da babban makaminsa shi ne kansa, da shi yake cin da yawa daga cikin ƙwallayen da suka sa aka san shi.

Bayan kamar wata huɗu sai ga shi a fili. A wasan gwaji da ya fara bugawa tare da 'yan benci, da kan nan da ya fashe ya sa ƙwallo a raga. Ya ƙarasa kakar da ƙwallo 21, waɗanda suka taimaka wa Everton ta tsallake rijiya da baya, don ta ƙare ne a ta 20 cikin ƙungiyoyi 22. A watan Fabrairun 1927 aka gayyace shi tawagar Ingila, ya ci biyu a wasansa na farko da Wales.

Kafin mu shiga kakar da ta sa ake tuna shi, akwai abu biyu da ya kamata a sani. Na farko, a 1925 aka sauya dokar satar gida. A da, sai akwai 'yan wasan abokan karawa uku tsakanin ɗan wasan gaba da layin raga kafin a ce bai yi satar gida ba. Sabuwar dokar ta mayar da su biyu. 'Yan baya suka rikice, ƙwallaye suka yi ta shiga kamar ruwan sama, har Ted Harper na Blackburn ya ci 43 a kakar 1925/1926. Na biyu, a kakar 1926/1927 wani mai suna George Camsell ya ci wa Middlesbrough ƙwallo 59 a rukuni na biyu. Wannan adadi na 59 shi ne dutsen da kowa ya ɗauka ba mai hawa, balle a rukuni na ɗaya inda manya suke.

Kada kuma wani ya ce ai dokar ce ta ba shi. Dokar ta shafi kowa, amma mutum ɗaya ne ya kai 60. Sannan ƙwallon wancan zamani ta fata ce mai igiyar ɗinki, idan ta sha ruwa sai ta yi nauyi kamar tubali, filayen kuma da sanyi ya shigo sun koma taɓo. Babu canjin ɗan wasa, idan ka ji ciwo ko ka daure ko ƙungiyarka ta ƙarasa da mutum goma. 'Yan baya kuma suna kai duka yadda suka ga dama, ba kyamarar da za ta tona musu asiri.

Kakar 1927/1928 ta fara, Dean ya shiga ci ba ƙaƙƙautawa. A watan Oktoba Everton ta lallasa Manchester United da ci 5-2, kuma duka biyar ɗin shi ya ci. Magoya bayan United, ku yi haƙuri, tarihi ne. A watan Fabrairu ya je Anfield, gidan abokan hamayya, ya ci uku rigis aka tashi 3-3. Yana da wani ɗan gajeren abokin wasa ɗan Scotland mai suna Alec Troup, wanda yake buga gefen hagu. Aikin Troup shi ne ya ɗago ƙwallo sama ta rataya, Dean kuma ya tashi ya fi kowa tsawo ya sauke ta a raga. A gefe guda Everton na kokawar kofi da Huddersfield Town, ƙungiyar da ta ci gasar sau uku a jere daga 1924 zuwa 1926.

Da ya rage wasa biyu a kammala kaka, Dean na da ƙwallo 53. Yana buƙatar bakwai ke nan ya wuce Camsell, abin da ko a wasan kwamfuta sai an yi da gaske. Everton ta je gidan Burnley, ya ci huɗu, suka yi nasara 5-3, amma ya fita yana ɗingishi saboda ciwon cinya. Mai kula da lafiyar 'yan wasan ƙungiyar, Harry Cooke, ya tare a gidansu yana yi masa jinya dare da rana har ranar wasan ƙarshe. A cikin makon Huddersfield ta yi tuntuɓe, kofi ya tabbata na Everton ne tun kafin a buga. Saboda haka mutane sama da dubu 48 da suka cika Goodison Park ranar 5 ga Mayun 1928 abu ɗaya ya kawo su: ko Dean zai ci wa Arsenal uku.

Arsenal ce ta fara ci. Nan take Dean ya rama da ka, 58 ke nan. Ba a jima ba aka kayar da shi a gaban raga, alƙalin wasa ya ba da fenariti, ya buga ta shiga, ya kamo Camsell a 59. Daga nan sai ƙofa ta rufe. 'Yan bayan Arsenal suka kewaye shi, aka je hutun rabin lokaci aka dawo, minti na tafiya, fili ya yi tsit. Saura kamar minti takwas a tashi Everton ta samu kwana. Troup ya ɗago ta, Dean ya keto cikin taron 'yan baya ya doka mata kai, ta faɗa raga. Filin ya kaure da ihu, mutane suka riƙa tsallakowa suna rungumar sa. Arsenal ta farke daga baya aka tashi 3-3, amma wa ya damu? Everton ta ɗauki kofi da maki 53, a zamanin da nasara maki biyu ce, ta ci ƙwallo 102, fiye da rabi na mutum ɗaya ne. Ita kuwa Middlesbrough ta Camsell, a wannan kakar ta koma rukuni na biyu.

Duniya juyi-juyi, a 1930 Everton ɗin ma ta faɗa rukuni na biyu, karo na farko a tarihinta. Dean bai tattara kayansa ya gudu ba. Ya ci ƙwallo 39 ya dawo da ita sama a 1931, suka sake cin kofin gasar a 1932, sannan a 1933 yana kyaftin suka doke Manchester City 3-0 a wasan ƙarshe na kofin FA a Wembley. A wasan ne aka fara sa lamba a riga a wasan ƙarshe na wannan kofi, shi kuma lamba 9 ya saka, ya kuma ci ƙwallo ɗaya. Ya bar Everton a 1938 da ƙwallo 383 a wasa 433, ya ci wa Ingila 18 a wasa 16. Duk dukan da ya sha a hannun 'yan baya, ba a taɓa korar sa daga fili ba, ko gargaɗi ba a taɓa rubuta masa ba.

Ga inda abin zai ba matasan yau mamaki. A zamaninsa doka ta ƙayyade albashin ɗan wasa, ba a wuce fam takwas a mako komai gwanintarka. Saboda haka mutumin da ya ci ƙwallo 60 bai tara dukiya ba. Bayan ɗan zama a Notts County da Sligo Rovers ta ƙasar Ireland, ya yi ritaya, ya riƙe wata mashaya a garin Chester, daga baya ya koma aiki a kamfanin Littlewoods da ke Liverpool har ƙarfinsa ya ƙare. A 1976 aka yanke masa ƙafar dama saboda daskarewar jini a jijiya, ya koma kan keken guragu.

Ranar 1 ga Maris 1980 aka kai shi Goodison Park kallon wasan hamayya tsakanin Everton da Liverpool. A nan cikin filin zuciyarsa ta buga, ya rasu yana da shekara 73, a wurin da mahaifinsa ya fara kawo shi yana yaro. A 2001 ƙungiyar ta kafa mutum-mutuminsa a bakin filin.

Messi ya ci 50 a La Liga a kakar 2011/2012, Ronaldo ya ci 48 a 2014/2015, Salah ya ci 32 a Firimiya a 2017/2018. Duk gwanaye ne, ba musu. Amma idan gardamar gidan kallo ta sake tashi kan wa ya fi kowa cin ƙwallo a kaka ɗaya a babbar gasar Ingila, ku gaya musu har yanzu ɗan makanikin jirgin ƙasan nan na Birkenhead ne, kuma a 2028 tarihin nasa zai cika shekara 100 idan ba a samu wanda ya karya shi ba.