Osamu Tezuka

Osamu Tezuka (3 ga Nuwamba 1928 – 9 ga Fabrairu 1989) ɗan ƙasar Japan ne, marubucin labarai cikin zane, mai shirya finafinan katun, kuma likita. Ana yi masa laƙabi da uban manga, wato littattafan labari cikin zane irin na Japan. Shi ne ya ƙirƙiro Astro Boy, katun na farko mai tsawon rabin sa'a da aka riƙa nunawa mako-mako a talabijin ɗin ƙasar. Da labaran yara ya yi suna, amma yana cikin mutanen farko da suka shigar da yaƙi, zubar da jini, cuta da sha'anin manya cikin katun ɗin Japan, wanda duniya ke kira anime. Ya bar shafukan zane kusan 150,000.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Tezuka a garin Toyonaka da ke lardin Osaka, shi ne babba cikin 'ya'ya uku. Yana ɗan shekara biyar iyayensa suka koma Takarazuka, garin da ya shahara da gidan wasan kwaikwayo wanda mata zalla ke wasa a cikinsa. Mahaifiyarsa Fumiko takan kai shi kallo a can. Mahaifinsa Yutaka kuwa yana da na'urar haska fim a gida, ta nan yaron ya san katun ɗin Walt Disney na Amurka. Yana da sha'awar tara ƙwari, har ya ƙara alamar rubutu mai nufin ƙwaro a jikin sunan da yake sa wa zanensa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya same shi yana makarantar sakandare. A 1944 aka tura shi aikin masana'anta kamar sauran ɗalibai, a 1945 kuma ya ga yadda jiragen Amurka suka yi wa Osaka ruwan bama-bamai, ya ga gawarwaki da gidajen da suka ƙone. Ƙin yaƙi da darajar rai sun zama jigon da yake komawa kansa har ƙarshen rayuwarsa.

A shekarar 1945 ya shiga sashen koyon aikin likita na Jami'ar Osaka. Ya kammala a 1951, ya samu lasisi a 1952, sannan ya samu digirin digirgir a Jami'ar Likitanci ta Nara a 1961. Bai riƙe likitanci a matsayin sana'a ba, sai dai sanin jikin ɗan Adam da ya samu ya fito fili a zanensa na rauni, tiyata da mutuwa.

Shahara da zane

Zanensa na farko ya fito a wata jaridar yara ta Osaka a watan Janairun 1946. A 1947 ya fitar da Shin Takarajima tare da Shichima Sakai, littafin da ya samu kasuwa sosai. Abin da ya bambanta shi da na gabansa shi ne yadda yake jera hotuna kamar kyamara ce ke ɗauka: a matso da fuska, a ja baya, a bi mota tana gudu har shafuka da dama. Manyan idanuwan da aka san anime da su a yau, shi ne ya yaɗa su.

Daga 1950 zuwa 1954 ya rubuta Jungle Taitei, labarin wani farin zaki a Afirka. A 1952 ya koma Tokyo ya soma Tetsuwan Atomu, wanda aka sani a waje da suna Astro Boy. Ko wannan labarin na yara da mutuwa ya fara. Wani masanin kimiyya ne ɗansa ya mutu a haɗarin mota, sai ya ƙera mutum-mutumi mai kamarsa, daga baya ya sayar da shi ga masu wasan nishaɗi saboda ya ga ba ya girma.

A 1955 ƙungiyoyin iyaye da malamai suka tayar da gangamin kawar da littattafan da suka kira masu ɓata tarbiyya, har aka riƙa ƙona manga a filayen makarantu. Ayyukan Tezuka na cikin waɗanda abin ya shafa.

Mushi Production da talabijin

A 1961 ya kafa kamfanin katun da aka sa wa suna Mushi Production. Ranar 1 ga Janairun 1963 tashar Fuji ta fara nuna Astro Boy, aka ci gaba har ƙarshen 1966, kashi 193 ke nan. Fitar da katun duk mako a lokacin abu ne da ake ganin ba zai yiwu ba, saboda fim na buƙatar hoto 24 a kowace daƙiƙa. Tezuka ya rage zanen zuwa takwas ko ƙasa da haka, ya bar jiki a tsaye baki kaɗai ke motsi, ya kuma riƙa adana zane don a sake amfani da shi. Ya karɓi kuɗi ƙasa da abin da aikin ke ci, yana cike giɓin da kuɗin littattafansa, da sayar da shirin a ƙetare, da kayan wasan yara.

A watan Satumban 1963 aka fara nuna Astro Boy a Amurka. Masu sayen shirin sun tsallake wasu kasusuwa da suka ga ba su dace da yara ba. A 1965 aka mayar da labarin farin zaki katun mai launi, wanda ya zagaya duniya da sunan Kimba.

Juyawa zuwa labaran manya

Yaran da suka taso da karatun Tezuka sun girma, sun fara neman abin da ya fi nauyi. Tun 1957 Yoshihiro Tatsumi ya ƙirƙiro kalmar gekiga don labaran zane masu tsanani, a 1964 kuma aka kafa mujallar Garo da ke buga irinsu. An fara ganin Tezuka a matsayin tsohon yayi. Sai ya kafa tasa mujallar mai suna COM a 1967, inda ya riƙa buga Hi no Tori, dogon labari kan rayuwa da mutuwa da neman dawwama.

A wannan shekarar ya soma Dororo a mujallar Shonen Sunday. Labarin ya faru ne a zamanin da sarakunan Japan ke yaƙi da juna. Wani basarake mai suna Daigo Kagemitsu ya yi alkawari da aljanu 48 cewa kowanne ya ɗauki gaɓa ɗaya daga jikin ɗansa da ke ciki, su kuma su ba shi mulki. Aka haifi jaririn ba ido, ba kunne, ba hannu, ba ƙafa, aka sake shi a kogi. Wani likita ya tsince shi, ya sassaƙa masa gaɓoɓi, ya ɓoye takubba a hannayensa. Yaron, mai suna Hyakkimaru, ya shiga farautar aljanun, duk wanda ya kashe sai gaɓa ɗaya ta dawo masa. Abokin tafiyarsa shi ne Dororo, maraya ɗan sane wanda yaƙi da yunwa suka raba da iyayensa. A labarin ana ganin ƙauyuka da aka ƙona, yara da aka kashe, da talakawa da ke biyan kuɗin kwaɗayin masu mulki. An nuna katun ɗinsa a tashar Fuji a 1969, kashi 26, cikin baƙi da fari. Ana tsakiyar nunawa aka sauya masa suna, aka sassauta shi don ya ja ƙananan yara.

A 1969 ɗin dai kamfaninsa ya fitar da Senya Ichiya Monogatari, fim ɗin sinima na manya wanda Eiichi Yamamoto ya ba da umarni. An ɗauko shi ne daga tatsuniyoyin da masu karatun Hausa suka sani da Dare Dubu da Ɗaya, kuma jaruminsa ɗan garuwa ne a birnin Bagadaza. Fim ɗin yana ɗauke da tsiraici da kisa, ya kuma samu kasuwa a Japan. Cleopatra da ya biyo baya a 1970 bai mayar da kuɗinsa ba. Tezuka ya sauka daga shugabancin kamfanin a 1971, kamfanin ya durƙushe saboda bashi a 1973.

A littattafai ya ci gaba da wannan hanya. Ayako, daga 1972 zuwa 1973, labarin wata yarinya ce da danginta masu gonaki suka kulle a ɗakin ƙarƙashin ƙasa sama da shekara ashirin don su rufe asirinsu. MW, daga 1976 zuwa 1978, ya bi wani yaro da ya tsira daga yoyon iskar guba da gwamnati ta ɓoye, ya girma ya zama mai kisa. Black Jack, wanda ya soma a 1973, shi ne ya dawo masa da farin jini: likitan tiyata ne marar lasisi mai cajin kuɗi masu yawa. Daga 1983 zuwa 1985 ya rubuta Adolf ni Tsugu kan mutum uku masu suna Adolf a zamanin Hitler.

Iyali da mutuwa

Ya auri Etsuko Okada a 1959, suka haifi 'ya'ya uku. Babban ɗansu Makoto ya zama mai ba da umarnin fim. Tezuka ya mutu a Tokyo ranar 9 ga Fabrairun 1989 sakamakon ciwon dajin ciki, yana da shekara 60. Bai kammala Hi no Tori ba.

Suka

Bayan mutuwarsa Hayao Miyazaki ya soki yadda ya karya farashin katun, yana ganin hakan ya jawo ƙarancin albashin da masu zane ke fama da shi. Daga 1990 kuma aka fara ƙorafi kan yadda ya zana baƙaƙen fata a wasu tsofaffin ayyukansa, da manyan leɓuna da siffar raini. Tun daga lokacin masu buga littattafansa ke sanya bayani a kan haka.

Tasiri

Da dama daga cikin anime masu tsanani da ake kallo yau a waya da intanet suna da alaƙa da mutanen da suka koyi aiki a Mushi Production. Wasu daga cikinsu sun kafa Sunrise a 1972, inda Yoshiyuki Tomino ya shirya Gundam a 1979. A 1972 ɗin Masao Maruyama da Osamu Dezaki da abokansu suka kafa Madhouse, kamfanin da ya yi Death Note a 2006. Maruyama ya sake kafa MAPPA a 2011, kamfanin da ya fitar da Jujutsu Kaisen da Chainsaw Man da zangon ƙarshe na Attack on Titan. Wannan tarihi ne ya sa a Japan zama katun ba ya nufin an yi shiri don yara, shi ya sa manhajojin kallo ke sanya wa irin waɗannan shirye-shirye alamar shekarun da suka dace.

A 2019 MAPPA da Tezuka Productions suka sake shirya Dororo cikin kashi 24, aka rage aljanun zuwa 12, aka kuma nuna jinin da launinsa. An buɗe gidan tarihi na Tezuka a Takarazuka a 1994, kuma tun 1997 jaridar Asahi Shimbun ke ba da kyautar manga mai ɗauke da sunansa duk shekara.