DOKTA AMBEDKAR, YARON DA AKA HANA RUWA YA TSARA WA INDIYA DOKA

Yawancin mutanenmu, ko a Kano ko a unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu, ta hanyar fim suka san Indiya, in kuwa an zo batun shugabanninta sai a ce Gandi da Nehru. Ba kasafai a kan ji sunan Dokta Bimrawo Ambedkar ba, alhali kuwa shi ne ya shugabanci kwamitin da ya rubuta tsarin mulkin ƙasar, wanda duk mai neman aikin alƙalanci a can sai ya san sassansa kamar yunwar cikinsa kafin ya zauna jarrabawa.

An haife shi ran 14 ga Afril, 1891, a barikin soja na Mhow, shi ne auta cikin 'ya'ya 14. Mahaifinsa soja ne a rundunar Turawan Ingila. Danginsu su ne Mahar, watau suna cikin mutanen da al'adar Hindu ta ajiye a can ƙasa, har a ke cewa taɓa su ƙazanta ne. A makaranta ba ya zama tare da sauran yara. Buhu ya ke zuwa da shi daga gida, ya shimfiɗa a gefe. In ƙishirwa ta kama shi ba shi da ikon taɓa tulu, sai masinjan makaranta ya tsiyayo masa ruwa daga sama, ranar da masinja bai zo ba kuwa haka zai wuni.

Duk da haka yaron bai sake ba. Ya gama kwaleji a Bombai a 1912, Sarkin Baroda ya biya masa kuɗin karatu ya tafi Jami'ar Kolombiya a Amurka a 1913, daga nan ya wuce Landan. A ƙarshe ya sami digirin dokta biyu, ga kuma takardar lauya.

Amma digiri bai wanke shi a idon mutanensa ba. Da ya komo a 1917 ya kama aiki a Baroda don biyan alherin Sarki, ƙananan ma'aikata jefo masa fayil su ke yi a kan tebur don kada hannunsu ya taɓa nasa. Masaukin da ya samu ma, da aka gane asalinsa sai aka zo da sanduna aka kore shi. Ya tattara nasa-ya-nasa ya koma Bombai.

A watan Maris, 1927, ya ja dubban mutanensa zuwa wani tafki na gwamnati a garin Mahad, inda dabbobi ke sha amma su an hana su. Ya kamfata ya sha, jama'a suka bi bayansa. Aka far musu da duka, aka kuma kai ƙara cewa tafkin ba na kowa da kowa ba ne. Shekara goma a na shari'a, sai a 1937 Babbar Kotun Bombai ta ba su gaskiya.

Tsakaninsa da Gandi kuwa ba a sha inuwa ɗaya ba. A 1932 Turawa suka yarda a ba mutanensa kujeru 71 a majalisun larduna, su kuma zaɓi wakilansu su kaɗai. Gandi, yana kurkuku, ya ce wannan raba Hindu ne, ya daina cin abinci sai an janye. Ambedkar ya shiga tsaka mai wuya: in Gandi ya mutu, a kan talakawansa za a huce. Ran 24 ga Satumba aka yi sulhu a Puna. Kujeru suka ƙaru zuwa 148, amma kowa da kowa ne zai jefa ƙuri'a a kansu. Har ya mutu bai daina ganin an yi masa dole ba.

Abin mamaki, da aka sami mulkin kai ran 15 ga Agusta, 1947, wannan abokin hamayya Nehru ya naɗa Ministan Shari'a, bayan mako biyu kuma aka ba shi shugabancin kwamitin mutum bakwai na rubuta tsarin mulki. Ba shi kaɗai ya yi aikin ba, domin wani masani, B. N. Rau, shi ya fara shirya daftari. Sai dai Ambedkar ne ya tsaya a gaban majalisa yana kare shi sashe bayan sashe. An amince da shi ran 26 ga Nuwamba, 1949, ya fara aiki ran 26 ga Janairu, 1950, da sassa 395.

Inda hannunsa ya fi fitowa shi ne Babi na 3, na hakkin ɗan ƙasa, daga sashe na 12 zuwa na 35. Sashe na 14 ya daidaita kowa a gaban doka. Na 15 ya hana gwamnati nuna bambanci saboda addini, ko launi, ko dangi, ko zama mace ko namiji, ko wurin haihuwa. Na 17 ya soke al'adar ƙyamar taɓa mutum, ya mai da aiki da ita laifi. Na 19 ya ba kowa ikon yawo da zama a duk inda ya ga dama cikin ƙasar. Amma wanda shi kansa ya ɗauka ran tsarin mulkin duka shi ne sashe na 32, wanda ya ce duk wanda aka danne wa hakki yana iya zuwa Kotun Ƙoli kai tsaye, ita kuma ta ba da umurni, misali a fito da wanda aka tsare, ko a tilasta wa ma'aikaci yin aikinsa. Mutumin da ya yi shekara goma yana jiran hukunci a kan ruwan sha ya san hakkin da ba shi da kotu sunansa kawai hakki. A Nijeriya, sashe na 46 na tsarin mulkin 1999, Babbar Kotu ya ce a fara zuwa.

Mazauna Gabas za su ga wannan labari bai yi musu nisa ba. A 1956 Majalisar Jihar Gabas da ke Inugu, zamanin Firimiya Dokta Azikiwe, ta yi dokar soke al'adar Osu, wadda ita ma ke ware wasu mutane saboda asali. A shekarun nan ne kuma Malam Umaru Altine, Bafillace daga ƙasar Sakkwato, ya zama Magajin Garin Inugu na farko a ƙarƙashin NCNC. Sashe na 41 da na 42 na tsarin mulkinmu sun yi kama da na 19 da na 15 na Indiya. To, amma yaron da aka haifa a Anaca, ya tashi yana jin Ibo kamar jakin Kano da Hausa, ranar neman aikin gwamnati sai a ce ya kawo takardar asali daga ƙaramar hukumar da bai taɓa kwana cikinta ba.

Har wa yau akwai Babi na 4, inda aka jera manufofin da ya kamata gwamnati ta bi wajen ilmi da aikin yi da lafiya, amma sashe na 37 ya ce ba a kai gwamnati ƙara a kansu. Indiya daga Ailan ta aro shi. Kwamitin da Janar Murtala Muhammed ya kafa a 1975 a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams ya ɗauko irinsa, ya zama Babi na 2 a tsarin mulkin 1979, kuma yana nan a na 1999, tare da sharaɗin nan na hana kai ƙara. Wajen ƙuri'a kuwa sun riga mu nesa. Tun 1950 kowane baligi mai shekara 21 ya sami ƙuri'a, mace da namiji, matan Arewa kuwa sai a 1976.

Zamansa a gwamnati bai daɗe ba. Ya kawo dokar da za ta ba matan Hindu gado da ikon neman saki, 'yan mazan jiya suka yi ca, Nehru ya ja da baya. Ya ajiye aiki a 1951. Ya tsaya zaɓe a Bombai a 1952 ya faɗi, ya sake faɗuwa a 1954. Dokar tasa kuwa aka dawo da ita gutsure-gutsure a 1955 da 1956.

Ran 14 ga Oktoba, 1956, a Nagpur, ya bar addinin Hindu ya shiga na Buda tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa. Lokacin ciwon sukari ya riga ya ci ƙarfinsa. Ya mutu a gidansa a Delhi ran 6 ga Disamba, 1956, yana da shekara 65. Bayan shekara 17, a shari'ar Kesavananda Bharati ta 1973, alƙalai 13 na Kotun Ƙoli suka zauna, bakwai suka rinjayi shida, suka yanke cewa majalisa na iya gyara tsarin mulkin amma ba ta da ikon rushe ginshiƙansa. Lambar girma mafi daraja ta ƙasar, Bharat Ratna, sai a 1990 aka ba shi.